Malta ƙasa ce mai cin gashin kanta ko yankin Italiya ce? Kuma me suke sha tunda an ce ba su da kogi?

Nasiru, Kamba

Assalamu alaikum manyana. Ina neman wanda ya san ƙasar Malta ya raba mana gardama. A nan Kamba sunan ya yi yawa a bakin samari. Wani ya ce tsibirin Italiya ne, wani ya ce daga gaɓar Libiya ana hango fitilunta da dare, wani kuma ya rantse mutanen can Larabawa ne amma Kiristoci. Tun rigimar shigo da man fetur ta 2024 kuma ake ta cewa daga Malta ake kawo mana mai. To ina take, yaya girmanta, wane kuɗi suke kashewa? Kuma da gaske ne ba su da kogi ko ɗaya? In haka ne me suke sha? Allah ya saka da alheri.

Malam Umaru, Gwandu

Wa alaikumus salam ƙanena. Malta ƙasa ce mai tutarta da majalisarta, ba ta ƙarƙashin Italiya. Ta karɓi 'yanci daga Ingila ranar 21 ga Satumba 1964, ta zama jamhuriya ranar 13 ga Disamba 1974, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta fara kashe yuro a farkon 2008. Babban birninta Valletta.

In kana da taswira, ɗora yatsa a kan tafkin Chadi ka miƙe arewa sak. Za ka ratsa Sahara, ka fita ta gaɓar Libiya gabas da Tarabulus, ka faɗa Bahar Rum. Ɗigon da za ka tarar kafin ka isa Sisili shi ne Malta. Tsakaninta da Sisili ƙasa da kilomita 100 ne, da Tunisiya kusan 290, da Libiya sama da 330. Saboda haka zancen hango fitilu daga Libiya ba shi da tushe. Wuri mafi tsawo a duk ƙasar mita 253 ne kacal bisa teku, a kusa da Dingli, kuma tudu mai wannan tsawon yakan ɓace wa mai kallo daga cikin jirgin ruwa in ya yi nisan kilomita 60 zuwa 70, saboda lanƙwasar duniya. Abin da ake gani shi ne akasin haka: ranar da sama ta washe, daga Malta akan hango dutsen Etna na Sisili, don shi ya haura mita 3,000.

Tsibirai uku ne ake zaune a kansu. Babban, wanda shi ma sunansa Malta, murabba'in kilomita 246. Gozo 67. Komino uku da rabi, ita kam kusan ba kowa sai 'yan yawon buɗe ido. Duka a haɗe 316. Jihar Kebbi ta ninka wannan fiye da sau 100. Tsawon babban tsibirin kilomita 27 ne, faɗinsa 14 da rabi, wato wanda ya taso daga Birnin Kebbi zai nufi Argungu, tun yana tsakiyar hanya ya riga ya ƙure ƙasar ya faɗa ruwa.

Amma a wannan ɗan filin ƙidayar 2021 ta sami mutum 519,562. Raba da 316, za ka ga sama da mutum 1,600 a kowane murabba'in kilomita, babu ƙasar da ta kai ta cunkoso a Tarayyar Turai. Fiye da mutum ɗaya cikin biyar baƙo ne. Garuruwan da ke kewaye da tashar ruwan Valletta sun haɗe da juna, ba ka gane inda wani ya ƙare wani ya fara. Jirgin ƙasa babu, an rufe layin tun 1931. Filin jirgin sama ɗaya ne, a Luqa. Zuwa Gozo kuma sai ta jirgin fito, daga Cirkewwa kamar minti 25 ne.

Yanayinsu ya juya wa namu baya. Lokacin da muke damina su suna rani: Yuni zuwa Agusta kusan ba ɗigon ruwa, zafi digiri 30 zuwa 32, wani lokaci ya haura 40 in iskar kudu ta taso daga Sahara. Ruwansu daga Oktoba zuwa Maris yake, tare da sanyi. Ƙanƙara mai rufe ƙasa ba ta cikin abin da suka saba. Agogo: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da su, sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya.

Batun ruwan sha na bar wa Injiniya, fanninsa ne.

Injiniya Kabiru, Birnin Kebbi

Na karɓa Malam. Nasiru, gaskiya aka faɗa maka, babu kogi mai gudu duk shekara, babu tafki. Akwai kwazazzabai da ruwa ke bi in an yi ruwan sama, kwana kaɗan su ƙafe.

Dalilin yana cikin dutsen. Duk ƙasar dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti. Irin wannan dutse cike yake da ƙofofi da tsaga, ruwa ba ya zama a kansa, tsotsewa yake yi. Ruwan saman da suke samu kusan milimita 550 ne a shekara, bai kai abin da Birnin Kebbi ke samu a damina mai kyau ba, kuma sau da yawa da ƙarfi yake sauka lokaci guda, wani kaso ya gangara teku ta kan kwalta.

Wanda ya nitse ƙasa ba ya ɓata. Ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri rashin nauyi, don haka sai ya taru yana yawo a bisa ruwan tekun da ya riga ya cika ƙofofin dutsen ta ƙasa. Ƙa'idar da ake aiki da ita: duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗaga sama da matakin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. A nan haɗarin yake. In ka haƙa rijiyar burtsatse ka zuƙa da ƙarfi har ruwan ya sauka da mita ɗaya a wurin, ba mita ɗaya ka rasa ba, ruwan gishiri ne ya tunkaro sama da kusan mita 40 daidai ƙarƙashin famfonka. In ya iso bakin bututu rijiyar ta lalace, kuma kafin ta dawo sai an shekara da shekaru. Shi ya sa hukumar ruwansu ba ta dogara da rijiya mai zurfi kaɗai ba. Sun haƙa ramuka a kwance, dogaye, daidai matakin teku, kusan mita 100 ƙarƙashin ƙasa a wuri irin Ta' Kandja, suna yaɗe saman ruwan a hankali maimakon su zuƙo daga gindi. Duk da haka rijiyoyin manoma sun yi yawa, gishiri ya ƙaru. Matsala ta biyu takin zamani da kashin dabbobi: sinadarin naitiret yana bin ruwa ya sauka, a wurare da dama ya wuce miligiram 50 a lita, wanda shi ne iyakar da aka yarda a sha. Masu noman rani a fadamunmu da ke haƙa rijiyar sha a gefen gonar albasa su lura da wannan, hanya ɗaya ce.

To sauran ruwan daga ina? Daga teku. Tun farkon shekarun 1980 suka kafa injin tace gishiri na farko a Ghar Lapsi, daga baya aka ƙara na Cirkewwa da Pembroke, sannan ɗaya a Gozo. Yanzu fiye da rabin ruwan famfo daga nan yake fitowa. Injin RO ne, mai matsa ruwa ya ratsa wata fatar tacewa ya bar gishirin a baya, irin na masu ruwan leda, sai dai nasu ƙato ne kuma matsinsa ba a haɗa shi da namu. Ga yadda aikin yake tafiya. Ana jawo ruwan teku ta rijiyoyin da aka haƙa a bakin gaɓa, dutsen da kansa ya fara tace shi. Ya bi ta matata mai siririn ido ta kama yashi da datti. Daga nan famfo mai ƙarfi ya matsa shi da bar 55 zuwa 70 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), don ruwan Bahar Rum yana ɗauke da gishiri kusan giram 38 a kowace lita, ƙaramin matsi ba zai tura ruwa ya ratsa fatar tacewa ba. Cikin lita 100 da aka tura, 40 zuwa 45 ne ke fitowa ruwan daɗi, sauran ya koma teku da gishirinsa ninki kusan biyu. Ruwan da ya fito ya yi tsarki fiye da kima, ba shi da sinadaran da ke hana shi cin bututu, don haka sai a ƙara masa farar ƙasa, a sa kulorin, a gauraya shi da na ƙarƙashin ƙasa, sannan a tura gari.

Abin da ke lalata irin wannan inji uku ne. Kulorin in ya taɓa fatar tacewa yana ƙona ta, dole a cire shi kafin ruwa ya isa gare ta, a mayar bayan ya wuce. Na biyu gansakuka da ƙwayoyin da ke toshe fatar in tacewar farko ta yi sakaci, alamarsa matsi na hawa ruwa na raguwa. Na uku, wanda ya fi duka, wuta. Kowace lita 1,000 tana cin yunit 3 zuwa 4. Ma'ana ruwan shansu wutar lantarki ce aka juya. Wutar kuma daga tashar Delimara mai aiki da gas da ake kawowa ta jirgi, da wata waya ta ƙarƙashin teku mai megawat 200 da aka jawo daga Sisili a 2015. A Disambar 2019 anka ta wani jirgi ta tsinka wayar, ƙasar ta shiga duhu. A Yulin 2023 zafi ya ƙona wayoyin ƙarƙashin ƙasa, unguwanni suka kwana da kwanaki ba wuta. Kusan kowane gida kuma yana da tankin ruwa a bisa rufi.

Tsohuwar dabararsu ita ce ta fi burge ni a ganina: tun da aka fara gina Valletta a 1566 aka sa doka kowane gida ya haƙa rijiyar tara ruwan rufi a ƙarƙashinsa. Mu da ruwan kwanonmu ke zuba a kwata wata huɗu, ba mu da ta cewa.

Nasiru, Kamba

Allah ya ƙara basira Injiniya, wannan ya wuce abin da na tambaya. Saura maganar Larabawa Kiristoci. Ƙarya ce ko akwai ƙamshin gaskiya?

Malama Hadiza, Jega

Akwai ƙamshin gaskiya ɗana, amma an taƙaita ta har ta karkace. Su ba sa kiran kansu Larabawa. Harshensu ne asalinsa Larabci.

Musulmi daga Tunisiya ta yau, zamanin daular Aglabawa, sun ci tsibirin a shekarar 870. Larabcin da aka riƙa yi a Sisili da Malta a wancan zamani shi ya zama harshen Malta. A 1091 wasu Turawa Kiristoci da ake kira Normans suka karɓe mulki, amma Musulmi suka ci gaba da zama har tsakiyar ƙarni na 13, lokacin da aka kori waɗanda suka ƙi barin addininsu. Addinin ya tafi, harshen ya zauna. Daga baya kalmomin Italiyanci da na Sisili suka cika shi har suka kai kusan rabi, Turanci ma ya ƙara nasa, amma nahawu da ƙirga da kalmomin yau da kullum na Larabci ne. Da boko suke rubuta shi, kuma yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Bahaushe zai tsinci abin da ya sani a ciki: hamsin da sittin haka suke faɗa, ranar Alhamis Hamis, a coci ma Alla suke kira. Tsohon babban birninsu sunansa Mdina, garin da ke jikinsa Rabat. Turanci shi ne harshen hukuma na biyu, kusan kowa yana ji.

Bayan nan tarihin nasu na masu jiragen yaƙi ne, saboda duk mai son riƙe tsakiyar Bahar Rum sai ya nemi tashar ruwansu. A 1530 sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifen da Sisili, ya ba wa mayaƙan Kirista na ƙungiyar Saint John tsibirin. A 1565 rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi musu ƙawanya kusan wata huɗu ba ta ci su ba, shi ya sa suka gina Valletta da ganuwa mai kauri, suka sa mata sunan shugabansu. Napoleon na Faransa ya kori mayaƙan a 1798, Ingila ta shigo a 1800. A yaƙin duniya na biyu jiragen Jamus da Italiya sun yi musu ruwan bama-bamai, har Sarkin Ingila ya ba ƙasar baki ɗaya lambar jarumta ta George Cross a 1942, ita ce a kusurwar tutarsu. Sojan Ingila na ƙarshe ya fita ranar 31 ga Maris 1979.

Yau tsarin mulkinsu ya ce Katolika ne addinin ƙasa, kuma sama da kashi 80 cikin 100 shi suke bi. Musulmi kusan kashi 4, yawancinsu baƙi. Babban masallaci yana garin Paola, Gaddafi ne ya aza harsashinsa a 1978. Wanda ya je ya kula da alƙibla: mu a nan gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, a can gabas maso kudu ce, kusan digiri 116 daga arewa. Yinin watan Yuni kuma yakan kai awa 14 da rabi, na Disamba bai cika 10 ba.

Sani, Bunza

Malam Umaru, da izininka. Na duba taswira na ga birnin Tunis ya fi Valletta arewa. To da wace hujja ake ce da ita Turai? Ni a ganina Afirka ce aka ƙwace.

Malam Umaru, Gwandu

Idonka bai yi ƙarya ba Sani. Valletta tana digiri 35.9 arewa, Tunis da Aljiyas sun kusa 37. Sai dai ba da wa ya fi arewa ake raba tsibirai ba, da ƙasan teku ake dubawa da kuma kusanci. Tsakanin Malta da Sisili ruwan bai kai zurfin mita 200 ba, ta ɓangaren Afirka kuwa akwai kwari masu zurfin sama da mita 1,000. A zamanin ƙanƙara da teku ta ja baya, ƙasa ce ta haɗa Malta da Sisili, dabbobi suka tako da ƙafa. A kogon Ghar Dalam an tono ƙasusuwan dorina da giwa 'yan ƙanana, waɗanda suka tsuke bayan ruwa ya dawo ya tsare su a wuri mai ƙarancin abinci. Mutanen farko ma ta Sisili suka shigo, daga baya mazauna wurin suka gina ɗakunan bauta na Ggantija a Gozo wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, tun ba a gina dalar Masar ba.

Alhaji Ɗanjuma, Argungu

Tunda ba a yi zancen kifi ba bari in sa baki, don ba a ƙasar da ruwa ya kewaye a ce an gama ba a taɓa masunta ba.

Kifin da suka fi ji da shi sunansa lampuki, mai ƙaura ne, yana ratsa ruwansu daga tsakiyar Agusta zuwa Disamba. Hukuma ke buɗe kamun ranar 15 ga Agusta, kuma kowane jirgi da layin da aka ba shi a teku, ba a shiga na wani. Dabarar inuwa ce. Ana yanko ganyen dabino a ɗaure shi ya zama kamar asabari, a haɗa masa abin da zai sa ya yi yawo a saman ruwa, a ɗaure da doguwar igiya, ƙarshenta a ɗaura katon dutse a sake shi ƙasa. Jirgi ɗaya yakan jera da yawa a layinsa. Kifin yana son inuwa, sai ya taru ƙarƙashin ganyen. Masunci ya zo a hankali, ya jawo garken gefe da kifi ɗaya da ya bari a ƙugiya, don 'yan'uwansa suna bin sa, sannan ya kewaye su da taru ya tsuke gindin. Abin da ke ɓata aikin: igiya ta yi gajarta ko dutsen ya yi sauƙi, iskar arewa maso gabas ta hunturunsu ta tsinke komai ta tafi da shi. Ko manyan jiragen kaya su bi ta kai. Ko wani ya riga ka zuwa da asuba ya kwashe, wannan kam duk inda masunta suke akwai ta. Babbar tasharsu Marsashlok ce, can ake ganin jiragensu masu fenti shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, da ido biyu a goshi.

Kuɗin kuwa ba nan yake ba, yana wurin kifin tuna. Ana kama shi da rai a farkon bazararsu, a zuba cikin keji, a ja kejin a hankali ƙwarai zuwa kusa da gaɓa don kada ya mutu a hanya, a yi ta ciyar da shi da ƙananan kifi wata da watanni har ya yi kitse, sannan a yanka a daskarar a kai Japan. Kiwon turka ne, cikin teku. Illarsa maiƙon abincin da ke tasowa ya ɓata wuraren wanka, har aka tilasta musu matsar da kejin nesa da gaɓa.

Aminu, Birnin Kebbi

Saura biyu a tambayarka Nasiru, mai da kuma abin da na san shi ne ainihin dalilin da samarin Kamba ke zancen.

Malta ba ta haƙo mai, ba ta da matata. Abin da take da shi wuri ne. Tana kan hanyar jiragen da ke fitowa daga mashigin Suwez zuwa Jibralta, kuma gabas da ita akwai wani tudun ƙarƙashin ruwa, Hurd's Bank, a wajen iyakar ruwanta, inda jirgi ke iya sakin anka. A nan tankoki ke tsayawa su juye mai daga jirgi zuwa jirgi, wani lokaci a gauraya iri biyu. Man da aka tace a wata ƙasa dabam zai iya isowa Legas takarda tana ambaton Malta. Ƙari a kan haka, rajistar jiragen ruwanta ita ce mafi girma a Tarayyar Turai, jirgi zai ɗaga tutar Malta mai shi bai taɓa taka ƙasar ba. Sauran arzikinsu yawon buɗe ido, tashar kwantena, harkar kuɗi, kamfanonin caca ta intanet, magunguna da kayan lantarki. Abinci yawancinsa shigo da shi ake yi, hayar ɗaki kuma ita ke cinye albashin baƙo.

Game da tafiya. Babu jirgin sama kai tsaye daga Najeriya, sai an sauka a wani wuri irin Istanbul. Malta tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun 2007. Bizar ziyara kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ana neman inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma ba a aiki da ita. Izinin aiki kamfanin da ya ɗauke ka ne ke fara nema a Identità, hukumarsu mai ba baƙi takardar zama, da sunanka da irin aikin, kuma izinin ɗaure yake da wannan kamfanin: in ya sallame ka, sai ka sami wani ya sake nema cikin ɗan lokaci ko ka fita. Duk dillalin da ya ce ka biya ka tafi da bizar ziyara a gyara takarda can, ya riga ya gaya maka ba shi da aikin.

Ta teku kuma daga Libiya, kilomita 330 a jirgin roba mai injin guda ba tazarar da man da ake zuba musu ke kaiwa ba ce, kuma tsibirin ƙarami ne, kuskuren 'yan digiri a kan hanya ya isa a wuce shi ba a gani ba. Wanda aka ceto aka kai Malta ana ɗaukar hoton yatsunsa, a tsare shi a sansani irin na Safi. Ƙasar da ta fara ɗaukar yatsun ita ke da alhakin shari'arsa, in ya tsallaka Jamus ko Faransa kwamfuta za ta nuna, a iya mayar da shi. Daga Malta kuma ba a fita da ƙafa, sai ta filin jirgin Luqa ko jirgin fito na Sisili, dukansu biyun ƙofofi ne da jami'ai ke tsaye a kai.